Akwatin Malala a Bayan Tankin Kifi: Nazarin Wani Gyara da Aka Yi a Agege

Tankin yana falon wani Alhaji mai harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12, wanda ke haya a saman bene a Agege. Tsawonsa santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, wato yana cin lita 300 idan an cika shi maƙil, kaurin gilashinsa kuma milimita 10. A ciki akwai kifin oska guda biyu, irin nan na Kudancin Amurka da kan kai santimita 30 idan ya girma, sai kurungu uku na rafukanmu na gida. Wanda ya taɓa ajiye oska ya san halinsa. Cinsa da yawa, ɓarinsa ya fi cinsa, ga kashi ba kaɗan ba. Tankin oska ba ya zama lafiya sai da matata mai ƙarfi.

Da farko rufaffiyar matata ce a ƙarƙashin tankin, irin mai kama da bokiti mai murfi, ruwa ya shiga ta tiyo ɗaya ya fita ta ɗaya. A garin da wuta ba ta yankewa wannan ta wadatar. A unguwar Alhaji kuwa ita ce ta fara kawo matsala. Soso ba shi kaɗai ke tsabtace ruwa ba. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce a gare shi, sai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin soso da tsakuwa su mayar da ita nitirayit, daga nan su mayar da shi nitiret, wanda bai kai su illa ba. Waɗannan ƙwayoyi da iskar oksijin suke rayuwa. Idan aka ɗauke wuta na awanni, ruwan cikin rufaffiyar matata ya tsaya, iskar ta ƙare, ƙwayoyin su fara mutuwa. Da an dawo da wuta sai injin ya kwaso wannan ruɓaɓɓen ruwa ya watsa wa kifi. Hajiya ta ce warin da ke tashi a falon a irin wannan lokaci har kicin yake kaiwa.

Babban ɗan Alhaji ne ya kawo shawarar a koma tsarin tankin ƙasa. Tsarin ba shi da wuyar ganewa: a ajiye ƙaramin tanki buɗaɗɗe a ƙarƙashin babban, a zuba kayan tacewa a ciki, inji ya riƙa tura ruwa sama, wanda ya yi yawa a sama ya malalo ya dawo ƙasa. Shawara ce mai kyau. Buɗaɗɗen tanki yana shan iska ko da inji ya tsaya, yana ƙara yawan ruwa, kuma tun da daga saman ruwa ake kwasa, maiƙon nan da ke kwanciya a sama yana tafiya. Inda aka samu tangarɗa shi ne hanyar da ruwan zai bi ya sauko. Yaron ya yi odar akwatin malala irin na ratayawa, wanda ba ya buƙatar a huda gilashi.

Yadda ruwa ya zube

Akwatin ratayawa kashi biyu ne, ɗaya a cikin tanki ɗaya a waje, sai lanƙwasasshen bututu da ya haura bakin gilashi ya haɗa su. Ruwa yana hawa ya tsallake ne ta hanyar zuƙo, kamar dai yadda ake zuƙo fetur daga jarka da tiyo: muddin tiyon cike yake, mai zai yi ta gudu, da iska ta shiga kuwa shi ke nan. Masu ƙera shi sun san da zancen yankewar wuta, shi ya sa suka yi shi yadda bakunan bututun biyu za su ci gaba da zama cikin ruwa ko inji ya tsaya. Ban ce kayan banza ba ne. Amma ƙananan kumfa suna taruwa a ƙololuwar lanƙwasar, kuma ƙarfin gudun ruwa ne kaɗai ke share su. A gidan da wuta ke zuwa da rauni, inji yana juyawa a kasalance, ga kashewa da kunnawa sau da yawa a yini tsakanin wutar gari da janareta, kumfan ba ya samun abin da zai kore shi. Kullum yana ƙaruwa har ya yanke zuƙon.

Abin da ya faru ke nan wani dare. An dawo da wuta kowa na barci, inji ya tashi, hanyar dawowa kuma a yanke. Tankin ƙasa na wancan lokaci ba shi da shamaki a ciki, saboda haka duk ruwan da ke cikinsa injin yana iya kaiwa gare shi. Sararin da ya rage a babban tanki daga saman ruwa zuwa baki santimita 3 ne. Faɗin saman tankin santimita 120 sau 50, kowace santimita ɗaya ta tsayi lita 6 ce, wato lita 18 kacal zai iya ƙarawa. Sauran duk kan tayil ya sauka, ya jiƙa kafet, ya bi ta gindin bango ya ɓata silin ɗin maƙwabcin da ke ƙasa. Washegari ga maƙwabci, ga wakilin mai gida. Wanda ya san zaman haya a Legas ya san ba ƙaramar magana ba ce. Hajiya ta yanke hukunci: ko a gyara gyara na gaskiya, ko a fitar da tankin.

A nan aka kira ni. Hanyoyi uku ne a gabanmu. A koma rufaffiyar matata, wari ya dawo. A bar akwatin ratayawa a ƙara masa ɗan injin da ke tsotse iska daga lanƙwasar, wanda shi ma da wuta yake aiki, an ƙara abin da zai iya lalacewa ke nan. Ko kuma a huda gilashin baya, a manna akwati a waje, ruwa ya riƙa saukowa da nauyin kansa ba tare da ya haura komai ba. Da na ambaci huda, Alhaji ya gyara zama.

"Malam, abin da nake gudu ruwa ya fita. Kai kuma ka ce za ka yi masa ƙofa?"

"Alhaji, a sama za a yi ƙofar. Ruwan da ya wuce layi ne kaɗai zai bi ta, wanda ke ƙasa da layi ko shekara za a yi babu wuta yana nan."

Ya yi shiru, sannan ya tambayi abin da ya kamata kowa ya tambaya: in gilashin ya fashe fa? Na ce masa yana iya fashewa, kuma in ya fashe bangon baya ne za a sake, ba tankin duka ba. Mun yi magana a kan wanda zai ɗauki asarar tun kafin a taɓa komai.

Akwai masu gina akwatin a cikin tanki su huda ƙasa. Ban zaɓi wannan ba saboda dalili biyu. Yana cinye wurin da oska ke buƙata don juyawa, sannan huda a gindin tanki tana ƙarƙashin nauyin ruwa gaba ɗaya, ranar da mannin akwatin da robar da ke toshe bakin ramin suka saki duk lita 300 ne a ƙasa. Huda a sama kuwa, ko ta yi yoyo, iyakar abin da zai zube shi ne ruwan da ke samanta.

Lissafi kafin huda

Tambayar farko ita ce ko gilashin gasasshe ne, wanda masu gilashi ke kira tamfad. Irin wannan ba a huda shi, ba a yanka shi. Da bakin inji ya ratsa fatarsa sai ya tarwatse ya koma tsakuwa. Tankunan kamfani da ake shigowa da su sau da yawa gindinsu gasasshe ne, wasu har da gefe. Na Alhaji a nan Dopemu aka haɗa shi, wajen masu alminiyom da gilashi, kuma mai gilashin da kansa ya yanka daga babban falle. Wannan kaɗai hujja ce, tun da gasasshe ba ya yankuwa. Duk da haka mun gwada. Aka sa farin allon kwamfuta a bayan gilashin, aka duba ta tabarau mai tace hasken rana ana juya shi a hankali. Gasasshe yakan nuna dabbare-dabbare ko layuka masu duhu. Wannan bai nuna komai ba.

Tambaya ta biyu, wadda a ganina ita ce zuciyar aikin a Legas, ita ce ina ruwa zai je idan an ɗauke wuta, kuma me zai faru idan an dawo da ita babu kowa a gida. Yawancin bayanan da ake samu a intanet daga ƙasashen da yankewar wuta labari ne suke fitowa, shi ya sa suka fi damuwa da ƙarar ruwa da kyan gani. Mu nan abin da su ke ɗauka tsautsayi shi ne zaman yau da kullum. Ko layin da ke rukunin Band A, wanda hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, awa 20 aka yi masa alkawari a yini, ba 24 ba. Layin Alhaji kuma ba ya cikin wannan rukuni.

Da inji ya tsaya, ruwa yana komawa ƙasa ta hanya biyu. Wanda ke cikin akwati da bututu zai sauka, kimanin lita 10 a wannan tsari. Sannan bututun da ke kawo ruwa sama zai juya ya zama mazuƙi, ya riƙa janye ruwan tanki har sai bakinsa ya sha iska. Maganin wannan ƙaramar huda ce a jikin bututun, santimita 2 ƙasa da saman ruwa, da ruwa ya sauka ya kai gare ta iska ta shiga zuƙon ya yanke. Lita 12 ke nan, a haɗa da 10, lita 22. Sai dai ƙaramar huda gansakuka na toshe ta, ko ɗan katantanwa ya zauna a kai. Saboda haka ban yi lissafi da ita ba. Na ɗauka ta toshe, ruwa ya sauka har bakin bututun, wanda muka sa santimita 5 ƙasa da saman ruwa: lita 30, da 10, lita 40. Sabon tankin ƙasa santimita 80 ne sau 40 sau 40, kowace santimita lita 3.2. Lita 40 za ta ci santimita 12 da rabi. Muka bar santimita 15 babu ruwa, aka ja layi da jan fenti a jikin gilashin, kada mai ƙara ruwa ya wuce shi.

Akwai masu sa bawul mai hana ruwa komawa baya su ce sun huta. Ban yarda da shi ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa, kuma ba za ka sani ba sai ranar da kake buƙatarsa.

Sai ɗaya ɓangaren, wato abin da ya jawo ambaliyar farko. Aka yi wa tankin ƙasa shamaki, aka ware wa injin ɗaki nasa mai santimita 15 sau 40, zurfin ruwa 25. Lita 15 ke nan. Ko duk hanyoyin saukowa sun toshe a lokaci guda, iyakar abin da injin zai iya turawa sama bai kai lita 18 da babban tanki ke iya ɗauka ba. Inji na iya ƙonewa, amma silin ɗin maƙwabci ya tsira. Alhaji ya ce wannan lissafin ya fi shiga kansa, don shi ma a kasuwa ba ya loda wa mota abin da ya fi ƙarfinta.

Nauyi ma an duba. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ruwan sama kusan 300, na ƙasa 80, gilashin babban tanki kaɗai ya kusa kilo 60, ga yashi da duwatsu. An haura kilo 450. Tsohuwar kabad ɗin ta matsattsen garin katako ce, kuma tun daren ambaliya ƙafafunta suka kumbura. Mai walda ya yi sabuwar ƙafa ta ƙarfe, aka shimfiɗa katako da siririn soso a kai, aka ajiye ta kusa da bango amma da tazarar santimita 20 don akwati da hannun mai gyara.

Huda da manni

Kifayen suka koma babbar robar ruwa da tsohon ruwansu, da injin kumfa mai batir, aka jefa tsofaffin sosunan a ciki don kada ƙwayoyin bakteriyar su mutu. An rufe robar da raga, oska yana tsalle. Aka rage musu abinci sosai, tun da za su yi kwanaki a can.

Ramuka biyar aka huda, duka da baki ɗaya mai faɗin milimita 45, irin mai garin daimon a gefensa. Biyu a bangon bayan tanki, uku a gindin akwatin. Wannan baki ba yanka yake yi ba, goge gilashin yake yi a hankali har ya ratsa. An kwantar da tankin a kan katifa bayansa na sama. An huda katako aka ɗaure shi a wurin don bakin kada ya zame, aka kewaye wurin da ƙullun foti aka zuba ruwa ya zama ɗan tafki, saboda zafi shi ke fasa gilashi, kuma ƙurarsa ba ta da kyau a shaƙa. Injin huda mai batir muka yi amfani da shi. Ruwa da wayar wuta a hannu ɗaya ba abin wasa ba ne. Tsakanin kowane rami da bakin gilashi an bar tazarar da ba ta gaza faɗin ramin kansa ba.

Mai gilashin ƙwararre ne a yanka, amma hannunsa ya saba da sauri. Abin da na yi ta maimaita masa shi ne kada ya danna, nauyin injin ya isa. Wuri mafi haɗari shi ne ƙarshe, lokacin da ya rage kaɗan ya ɓulle. Nan ne mutum ke ƙosawa ya danna, bayan ramin ya ɓantare. An manna tef ta ciki, aka sa tawul a ƙasa don guntun da zai faɗo kada ya sari gilashin gaba. Ramin farko ya fita sumul. Na biyu ya ɗan ɓantare a gefe kamar rabin farce, ba tsagewa ba ce, aka goge shi da takardar yashi mai laushi a cikin ruwa.

Akwatin na gilashi ne, santimita 50 sau 14 sau 20. Ɗan Alhaji ya so a yi na roba mai haske don ya fi sauƙi, na hana. Silikon yana kama gilashi da gilashi kamun gaske, amma a jikin irin wannan roba riƙonsa na ɗan lokaci ne, kuma wannan akwati zai rataya ne da ruwa kilo goma sha wani abu a cikinsa. Silikon ɗin ma ba kowanne ba. Wanda ake sayarwa don banɗaki da kicin akwai maganin hana fumfuna a cikinsa, yana cutar da kifi. Wanda ake so shi ne zalla, mai warin tsami idan an matso shi. An goge wurin da sifirit ya bushe, aka manna, aka tallafe da katako. Ta ciki kuma aka manna siririn shinge na gilashi a gaban ramukan biyu, bakinsa santimita 4 ƙasa da bakin tanki. Shi ne ke tsayar da layin ruwa. A samansa aka sa raga mai haƙora don kifi kada ya bi.

Silikon da danshin iska yake bushewa, daga waje zuwa ciki, milimita biyu zuwa uku a yini. Danshin Legas yana taimakawa, amma fatar waje takan yaudari mutum. Na ce mako guda. Alhaji ya kira ni tun kafin lokacin ya ce ya taɓa ya ji ya yi tauri, ga baƙi za su zo suna. Na ce Alhaji a yi haƙuri, baƙin su kalli kifi a roba.

Bututu uku

Bututu ɗaya ya isa ya sauke ruwa, amma zai yi ta kwarara da gurnani, don ruwa da iska suna kokawa a cikinsa, kuma in ya toshe babu madadi. Tsarin da muka bi shi ne wanda masu kiwon kifin ado a waje suka sani da Bean Animal, mai bututu uku. Akwai mai biyu da ake kira Herbie. Na farko bakinsa a nutse yake, ruwa zalla yake ɗauka babu iska, an sa masa bawul a ƙasa don a daidaita shi da abin da inji ke turowa. Shi ke ɗaukar kusan duk ruwan, kuma ba ya ƙara. Na biyu yana da ƙofar iska a sama, ɗan abin da ya rage kaɗai yake ɗauka, yana bin jikin bututun a hankali. Na uku a bushe yake, bakinsa ya fi sauran tsayi, yana jiran ranar da biyun suka gaza. Da gangan aka bar ƙarshensa sama da ruwan tankin ƙasa, domin in ruwa ya bi ta cikinsa a ji faɗuwarsa har ɗaki.

Wani zai ce ai na farkon ma zuƙo ne, me ya raba shi da abin da aka cire? Bambancin shi ne wannan ba ya haura komai. Ƙasa yake kallo tun daga akwati, da ruwa ya taru a kansa nauyi zai kore iskar ya kama da kansa. Kafin ya kama kuma sauran biyun suna ɗauke da ruwan. Sharaɗi dai kada ƙarshensa ya nutse fiye da santimita 2 zuwa 3 a tankin ƙasa, kuma kada a yi masa doguwar kwanciya a hanya, in ba haka ba iskar ba za ta fita ba.

Kayan famfo daga Orile aka sayo su, wajen Coker. Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. Abin da ake kira inci ɗaya ba ɗaya ba ne. Bututun awon milimita kaurinsa 32, na awon Amurka 33.4. Mahaɗin da aka yi oda daga waje ba lalle ya shiga bututun kasuwa ba, kuma gam ba ya cike wannan giɓi. Muka sayi mahaɗin tanki, irin wanda ake ɗaura wa tankin ruwa na roba, tare da bututun a shago ɗaya, aka gwada su a gaban mai shago. Mai aikin famfon ya zo da babban sifana zai ɗaure, kamar yadda ya saba a tankin saman gida. A gilashi da hannu ake ɗaurewa, a ƙara kwata ɗin juyi, robar kuma tana ɓangaren da ruwa yake. Bututun uku an ɗaure su a jikin ƙafar ƙarfe, akwatin ba ya ɗauke da nauyinsu.

Bawul shi ne inda aka yi sassauci. Wanda ya dace shi ne mai murɗawa a hankali, amma wanda muka samu a kasuwa na tagulla ne, kuma jan ƙarfen da ke cikin tagulla ba abokin ruwan kifi ba ne. Sai muka sa na roba mai hannu, wanda kwata ɗin juyi ke buɗe shi gaba ɗaya. Yana aiki, sai dai daidaita shi sai da haƙuri: ka taɓa kaɗan ya yi yawa, ka mayar ya yi kaɗan.

Injin an rubuta lita 2,000 a awa a kwalinsa. Wannan lissafin ba tare da hawa ba ne. Da ya tura ruwa sama da mita ɗaya ta cikin gwiwoyi, abin da muka auna da bokiti da agogo ya kama wajen lita 1,200, wato ruwan tankin yana zagayawa sau huɗu a awa. Ya isa. Wat 30 yake ci, ƙasa da yunit ɗaya a yini, saboda haka aka haɗa shi da layin inbata na gidan. Soket ɗin da a da yake kwance a ƙasa an ɗaga shi an kafe a bango, kowace waya an bar mata lanƙwasa ƙasa da soket don ɗigon ruwa ya sauka a can.

Gwajin da ruwan banza aka yi shi, kifayen suna can cikin robar ruwa. Mai ruwa ya hau da jarkoki goma sha biyar masu lita 25 yana tambaya ko biki ake yi. Aka kashe inji, ruwan ƙasa ya hau santimita 7 ya tsaya. Aka toshe ƙaramar hudar da tef aka sake kashewa, ya tsaya ƙasa da baki da ɗan sarari. Aka kunna, akwatin ya cika, bututu na biyu ya yi gurnani, na uku ya ɗan ɗiga, cikin minti biyu na farko ya kama komai ya yi tsit. Aka rufe bawul gaba ɗaya, na biyu ya ɗauke. Aka toshe na biyu da leda, na uku ya ɗauke. Na sa Hajiya da kanta ta riƙa kashe makunnin tana kunnawa yadda ta ga dama, tun da ita ce a gida idan abin ya faru.

Abin da ya biyo baya

Ruwa bai sake zuba ba, warin ya tafi, maiƙon saman ruwa ma haka. Amma sababbin abubuwa sun ɓullo waɗanda tsohon tsarin ba shi da su. Ƙaramin kurungun ya matsa ta gefen ragar ya shiga bayan shinge, aka same shi a cikin akwati yana zaune a gindin bututu. An toshe gefen, an sa wa bakin bututu na farko kwando. Sauro ya gano ɗakin tsakiya na tankin ƙasa inda ruwa ba ya motsi sosai, kuma babu kifin da zai cinye tsutsar, sai aka yi masa murfin gidan sauro. Danshi ya fara cin ƙafar ƙarfen ta wajen walda, aka sake mata fenti, aka bar bayanta a buɗe.

Akwatin malala bai magance doguwar yankewar wuta ba, kuma na faɗa wa Alhaji haka. Idan batirin inbata ya ƙare, ruwa ya tsaya. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa: a digiri 25 lita ɗaya tana ɗaukar wajen miligiram 8.3 na oksijin, a digiri 30 kuwa 7.6, alhali kifi a ɗumi ya fi buƙatarta. Falon saman bene a watan Maris yana kaiwa can. Injin kumfa mai batir ɗin nan bai koma kwali ba, yana maƙale a gefen tanki.

Ƙaramin ɗakin inji da ya hana ambaliya shi ma da farashinsa. Duk ruwan da ya ƙafe daga tsarin a nan kaɗai yake nunawa, don layin sama shinge ne ke riƙe da shi. Santimita ɗaya a wannan ɗaki ba ta wuce rabin lita da ɗan kai ba. Da damina ba a cika lura ba, amma da hunturu ya shigo, ko aka kwana da na'urar sanyaya ɗaki, kwana biyu sun isa injin ya fara shan iska yana feso kumfa. An ɗora wa ƙaramin ɗan Alhaji aikin duba jan layi kullum bayan sallar asuba, da jarkar ruwan da ya kwana a ajiye kusa. Ana maganar sa ƙaramar roba da bawul mai tulluƙi irin na tankin banɗaki don ta riƙa ƙarawa da kanta. In za a yi, robar kada ta wuce lita 8, domin ranar da tulluƙin ya maƙale duk abin da ke cikinta tankin ƙasa zai shiga, kuma lita 8 ce kaɗai ta rage a lissafin.